Kingdom of Heaven: fim ɗin da Amurka ta juya wa baya, aka tafa masa a Bairut

A farkon watan Mayun 2005 kamfanin 20th Century Fox ya saki wani fim na yaƙi mai suna Kingdom of Heaven, wanda ya ci dala miliyan 130, wato kusan biliyan 70 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. A Amurka abin da ya dawo da shi bai wuce dala miliyan 47 da ɗoriya ba, kuma akasarin masu sharhin fina-finai sun ce bai ƙayatar ba. Wata guda bayan haka ɗan jaridar Birtaniya Robert Fisk ya kalle shi a wani gidan silima na Bairut, ya ba da labarin cewa 'yan kallo, galibinsu samari Musulmi, sun miƙe tsaye suna tafi kafin a ƙare. Yau sama da shekara ashirin ke nan, kuma da yawa daga cikin masu sharhi suna lissafa shi cikin mafi kyawun ayyukan daraktansa, Ridley Scott. Sai dai wanda suke yabo yanzu ya fi wanda aka kushe a 2005 tsawo da minti 45.

Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 12, zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, waɗanda littattafan makaranta na Faransanci ke kira croisades. Wani maƙeri ne a wani ƙauyen Faransa, Balian, matarsa ta kashe kanta bayan mutuwar jaririnsu. Sai ga wani barde ya dawo daga gabas ya shaida masa cewa shi ɗansa ne, ɗan gaba da fatiha. Balian ya bi shi, ya gaji ƙasar Ibelin, ya tarar da Birnin Ƙudus a hannun wani sarki Kirista matashi, Baldwin na Huɗu, wanda kuturta ta ci jikinsa har yana rufe fuska da azurfa. Akwai sulhu tsakanin wannan sarki da Salahuddin al-Ayyubi, amma wasu 'yan fada, Guy de Lusignan da Renaud de Châtillon, yaƙi suke so. Sarki ya mutu, suka samu abin da suke nema, Salahuddin ya murƙushe rundunarsu a Hattin a 1187, aka bar maƙeri da tsaron birni har ya miƙa shi bisa sharaɗi. An ɗauki fim ɗin a Sifen da Maroko. Kusa da Warzazat aka gina ganuwar Ƙudus, kuma sojojin Maroko sama da dubu suka shiga a matsayin mayaƙa.

Rigima ta fara tun kafin kowa ya ga hoto ko ɗaya. A watan Janairun 2004 jaridar Telegraph ta Landan ta ji ta bakin Farfesa Jonathan Riley-Smith na Jami'ar Cambridge, wanda a lokacin da wuya a samu wanda ya fi shi suna a nazarin yaƙin Salibiyya a Ingila. Ya ce labarin shirme ne, tarihi ne irin wanda Usama bin Laden zai so, kuma zai ƙara wa masu tsattsauran ra'ayi ƙarfi. A ganinsa an ɗauko hoton Musulmi masu wayewa da Turawa 'yan ta'adda ne daga ƙagaggen labarin Walter Scott mai suna The Talisman na 1825. A watan Agustan shekarar kuma Khaled Abou El Fadl, masanin shari'ar Musulunci a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya karanta rubutun fim ɗin ya shaida wa jaridar New York Times kishiyar wannan: fim ne da zai koya wa mutane ƙin Musulmi. Malamai biyu, kowanne gwani a fanninsa, babu wanda ya kalli fim ɗin a cikinsu, ɗaya ya ce an fifita Musulmi, ɗaya ya ce an ci mutuncinsu.

Dalilin wannan zafi ba ɓoyayye ba ne. Kwana biyar bayan harin 11 ga Satumban 2001 Shugaba George W. Bush ya yi amfani da kalmar yaƙin Salibiyya wajen bayyana yaƙin da zai yi da ta'addanci, kalmar da fadarsa ta yi ta ƙoƙarin janyewa daga baya. A Maris 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi, a 2004 hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito. A irin wannan yanayi, duk wanda ya nuna Turawa da takobi a ƙofar wani birnin gabas, mutane Bagadaza za su gani ko da ya rantse cewa Ƙudus ta ƙarni na 12 yake nufi. Da aka nuna wa ƙungiyar CAIR ta Musulmin Amurka fim ɗin gab da fitowarsa, ta ce an yi adalci wajen nuna Musulmi. Wannan shaida ta kwantar da hankalin wasu, ta kuma ƙara wa wasu Kiristoci masu ra'ayin riƙau zargin cewa da gangan aka baƙanta kakanninsu.

Da fim ɗin ya fito, sai ya zamana ba addini ne ya fi damun masu sharhi ba. Kusan kowa ya yaba kyan hoto da girman ƙawanyar da aka yi wa birnin, da hasumiyoyin katako da ake turawa zuwa ganuwa, da majaujawar da ke cilla duwatsu da wuta cikin dare. Ƙorafin shi ne labarin a tsinke yake. Ta yaya maƙerin ƙauye, wanda aka koya wa riƙon takobi a darasi guda cikin daji, ya wayi gari ya san dabarun kare birni fiye da baraden da suka tsufa a fagen fama? Me ya sa Gimbiya Sibylla, wadda 'yar Faransa Eva Green ta fito a matsayinta, ta aske gashinta ta zama kamar mai taɓin hankali a ƙarshen fim ba tare da an ga abin da ya same ta ba? Sannan ga Orlando Bloom, jarumin fim ɗin, ɗan shekara 28. Mutane sun je ne da Russell Crowe na Gladiator a ransu, fim ɗin da Scott ya yi a 2000 ya kwashi kyautar Oscar biyar, sai suka tarar da saurayi mai sanyin murya da ba ya cika fage. A shafin Rotten Tomatoes, inda ake tattara hukuncin masu sharhi, kimanin huɗu cikin goma ne kawai suka ba shi hannu. Akwai waɗanda suka saɓa, kamar Roger Ebert na Chicago, wanda ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, ya ce ya fi Gladiator zurfin tunani. Amma ko sunansa ba a ambata ba a takarar Oscar ta shekarar.

Kasuwa ma ba ta yi masa daɗi ba. A 2004 kaɗai an yi Troy da King Arthur da Alexander, 'yan kallon Amurka sun ƙoshi da takubba da dawakai. Mako biyu bayan fitowarsa sabon Star Wars ya shigo ya kwashe jama'a. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan: shekara guda kafin nan The Passion of the Christ na Mel Gibson ya tara dala miliyan 370 a Amurka, saboda majami'u sun riƙa cika motoci da mabiya zuwa silima. Masu wannan kuɗi suna nan, amma Kingdom of Heaven ba abin da ya ba su sai limaman coci matsorata da mayaƙan gicciye masu kisan matafiya.

A waje labari ya sha bamban. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 160 a sauran ƙasashe, wato fiye da kashi uku cikin huɗu na duk abin da ya samu. Wannan bai fitar da Fox daga asara a silima ba, tunda masu gidajen kallo kan riƙe wajen rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla, amma ya nuna inda masoyansa suke. Abin dariya, Orlando Bloom ɗin nan da aka yi ta caccaka, shi 'yan kallo suka zaɓa gwarzon ɗan wasa a bikin kyaututtukan fina-finan Turai na 2005. A ƙasashen Larabawa kuwa, musamman Masar, an karɓe shi hannu bibbiyu.

Wurin da aka yi wa tafi a Bairut ɗan gajere ne, babu magana a cikinsa. Salahuddin ya shiga birni bayan an miƙa wuya, ya ga gicciye yashe a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauke shi ya tsayar a kan tebur. Ke nan. A ƙasar da ta yi shekara 15 tana yaƙin basasa tsakanin 1975 da 1990, Musulmi da Kirista suna kashe juna unguwa da unguwa, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da hoton yake nufi ba. Ga kuma wani abu da ba kowane Bature zai ji nauyinsa ba. Waɗannan samari sun girma suna ganin Balarabe a fim ɗin Hollywood yana satar jirgin sama ko yana dasa bam. Sai ga babban fim na Amurka, da kuɗin Amurka, inda mutumin da ya fi kowa kamala da cika alkawari Musulmi ne, kuma shi ya ci yaƙin.

Rabin wannan nasara ta ɗan wasan ce. Scott bai ɗauko Bature ya shafa masa baƙi ba, kamar yadda aka saba a da. Ya ɗauko Ghassan Massoud, ɗan Siriya, malamin wasan kwaikwayo a Dimashƙa, wanda masu bin shirye-shiryen azumi suka sake gani a 2012 a matsayin Sayyidina Abubakar cikin shirin Umar na tashar MBC. Fitowarsa duka-duka ba ta da yawa, amma yana da kwarjini, ba ya ɗaga murya, kuma idan ya yi shiru sai hankalin mai kallo ya koma kansa. Hatta waɗanda suka kushe fim ɗin sun ware shi da Edward Norton, wanda ya yi sarki kuturu ba tare da an ga fuskarsa ko sau ɗaya ba. A gaskiya duk inda waɗannan biyu suka haɗu sai jarumin fim ya koma ɗan rakiya.

To amma tafi ba hujja ba ce, kuma a nan ne masana tarihi suke da gaskiyar da bai kamata a yi watsi da ita don an ji daɗin fim ba. Balian na ainihi bai taɓa zama maƙeri ba. A gabas aka haife shi, cikin ɗaya daga manyan gidajen sarautar ƙasar, kuma matarsa Maria Komnena, 'yar gidan sarautar Rumawa, ita ce matar da Sarki Amalric, mahaifin Baldwin, ya mutu ya bari. Babu soyayya tsakaninsa da Sibylla. Ita da hannunta ta ɗora wa mijinta Guy kambin sarauta a 1186, ta kuma tsaya tare da shi har ta mutu a sansanin Akka a 1190. Guy da Renaud ba 'yan ƙungiyar mayaƙan Templier ba ne, ko da yake fim ya sa musu rigarsu. Babu shaidar cewa Baldwin ya rufe fuska da ƙarfe, kuma masana ba su yarda cewa Renaud ya kashe 'yar'uwar Salahuddin ba. Wasu abubuwan kuwa da za a zaci ƙari ne, sun faru: Baldwin yana ɗan shekara 16 ya ci Salahuddin da yaƙi a Montgisard a 1177, kuma bayan Hattin, ranar 4 ga Yulin 1187, Salahuddin ya ba Guy ruwan sanyi, ya ƙi amincewa da cewa ya shayar da Renaud, sannan ya sare shi da hannunsa.

Babban gyaran da fim ya yi wa tarihi yana wurin miƙa birnin. A fim, Salahuddin ya ba kowa damar fita lafiya, ba ko sisi. A zahiri, bayan ƙawanyar da ta fara ranar 20 ga Satumba, da farko ya ƙi sulhu, yana tuna kisan kiyashin da 'yan Salibiyya suka yi lokacin da suka ci birnin a 1099. Ibn al-Athir ya ruwaito cewa Balian ya yi barazanar rushe Ƙubbatus Sakhra da Masallacin Aƙsa da kashe fursunoni Musulmi da ke hannunsu kafin a sasanta. Aka yanke kuɗin fansa: dinari 10 kan namiji, 5 kan mace, ƙasa da haka kan yaro, sannan aka biya dinari 30,000 a dunƙule domin talakawa 7,000. Birnin ya koma hannun Musulmi ranar 2 ga Oktoba, daidai da 27 ga Rajab na shekarar 583 bayan hijira. Ɗan'uwan sarkin, al-Adil, ya roƙi a ba shi bayi dubu ya 'yanta su nan take, shi ma Salahuddin ya saki tsofaffi da yawa. Duk da haka dubban da suka kasa biya sun tafi bauta. Kuma bayan Hattin ya sa an kashe mayaƙan Templier da na Hospitalier da aka kama. Idan aka auna da 1099, abin da ya yi a Ƙudus rangwame ne babba, har marubutan Turawa na zamaninsa sun shaida. Amma sarkin yaƙi ne na ƙarni na 12, mai lissafin baitulmali da na siyasa. Amin Maalouf, wanda littafinsa Les Croisades vues par les Arabes na 1983 ya shahara a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya yi gargaɗi tun a 2004 cewa karkatar da tarihi ba ya da amfani ko da an yi shi da kyakkyawar niyya, domin zaluncin wancan zamani ba ɓangare ɗaya ne ya yi shi ba.

Akwai wani abu kuma da masu tafin ba su cika lura da shi ba. Fim ɗin ba ya raba mutane gida biyu tsakanin Musulmi da Kirista. Yana raba su ne tsakanin masu sassauci da masu zafin addini, kuma kusan duk wanda ya riƙe addini da ƙarfi a cikinsa mugu ne ko wawa. A ɓangaren Kirista ga babban limamin Ƙudus da ke ba da shawarar a musulunta yanzu a tuba daga baya. A ɓangaren Musulmi ga malamin da ɗan Masar Khaled El Nabawy ya fito a matsayinsa, wanda aikinsa kawai zuga sarki zuwa yaƙi, har Salahuddin ya tuna masa cewa nasara tana buƙatar shiri da yawan runduna da ruwan sha. Mutanen kirkin fim ɗin duka suna magana kamar 'yan boko na ƙarni na 21 masu shakkar malamai. Salahuddin na tarihi kuwa, kamar yadda alƙalinsa Baha'uddin Ibn Shaddad ya siffanta shi, mutum ne mai tsananin ibada da son sauraron hadisi, wanda ya ɗauki ƙwato Ƙudus a matsayin jihadi. Baldwin da Balian ma ba su yi shakkar cewa Allah suke yi wa yaƙi ba. Fim ɗin ya girmama Salahuddin ne bayan ya rage masa abin da shi kansa zai ce shi ne ginshiƙin rayuwarsa. Abou El Fadl da Riley-Smith kowanne ya hango gefe ɗaya na wannan.

Ba Scott ne ya fara ɗinka wa Salahuddin riga daidai da zamaninsa ba. A 1963 Youssef Chahine ya yi al-Nasir Salahuddin a Masar, inda Bakurden da aka haifa a Tikrit ya zama gwarzon haɗin kan Larabawa, kuma kowa ya gane Jamal Abdul Nasir ake nufi. Saddam Husaini, ɗan yankin Tikrit shi ma, ya yi ta jingina kansa da shi alhali yana murƙushe Kurdawa. A Nuwamban 2023 tashar TRT ta Turkiyya ta fara nuna nata Salahuddin.

Abin da ya sauya ra'ayin masu sharhi ya zo ne a ƙarshen 2005. Ashe fim ɗin da Scott ya haɗa tun farko ya haura awa uku. Shugabannin Fox suka ga cewa dogon fim yana rage yawan nunawa a rana, suka nemi a mayar da shi labarin yaƙi da soyayya, aka datse shi zuwa minti 144. A watan Disamba aka nuna cikakken a gidan silima guda a Los Angeles ba tare da wani talla ba, sannan ya fito a faifan DVD a Mayun 2006. Da kiɗan buɗewa da na hutun tsakiya ya kai minti 194.

Sai ga amsoshin tambayoyin da aka yi ta yi. Balian ya taɓa zuwa yaƙi, ya ƙera wa wani basarake kayan rushe ganuwa, don haka ba daga sama iliminsa ya faɗo ba. Limamin da ya kashe a farkon fim ɗan'uwansa ne, mai kwaɗayin gadonsa. Mafi girma, an dawo da wani yaro da aka goge gaba ɗaya: ɗan Sibylla, Baldwin na Biyar, wanda ya hau gadon sarauta bayan kawunsa. Uwar ta gano cewa shi ma ya kamu da kuturta, domin an ga ba ya jin zafi, ta tuna yadda ɗan'uwanta ya ƙare, ta ba shi guba da hannunta. Daga nan mulki ya faɗa hannun Guy. Duk wanda ya ga wannan ba zai sake tambayar abin da ya haukata ta ba, kuma Eva Green, wadda a gajeren fim ado ce kawai, ta koma tsakiyar labari. Hatta sanyin Bloom ya samu ma'ana, tunda yanzu an ga mutum ne da baƙin ciki ya daskarar. Scott da kansa ya ce wannan ne fim ɗin da ya kamata a fitar, ya kuma yi nadamar biye wa ra'ayin 'yan kallon gwaji.

Masana tarihi dai ba su sauya matsayi ba, kuma ba su da dalilin sauyawa. Yaron ya rayu da gaske, ya mutu a 1186 yana ƙarami, amma babu shaidar kuturta ko ta guba daga hannun uwa. Dogon fim ɗin ya fi gajeren kyau nesa ba kusa ba, bai fi shi gaskiya ba.

Yanzu yawancin masu haɗuwa da Kingdom of Heaven ba a silima suke ganinsa ba. Gutsattsari ne na minti ɗaya ko biyu a TikTok da YouTube da Facebook: sarki mai fuskar azurfa ya ɗaga hannu jama'a ta yi tsit, ko Balian yana tambayar Salahuddin darajar Ƙudus. Wasu samarin Turai da Amurka suna yaɗa na Baldwin da taken kare Kiristanci, samari Musulmi suna yaɗa na Salahuddin, musamman duk lokacin da rikicin Falasɗinu ya yi zafi, kowa ya yanki nasa daga fim ɗin da aka yi domin a ce birnin bai kai ran mutanen cikinsa ba. A Mayun 2025, cikarsa shekara 20, an sake fitar da dogon a sabon hoto mai tsabta, har aka nuna shi a gidajen silima na Amurka. Gajeren bai ɓace ba, shi ne har yanzu ake yawan samu a faifai da tashoshin talabijin. Mai son ya tantance wanda ke hannunsa sai ya duba tsawonsa: idan awa biyu da minti 24 ne, wanda aka datse ne, babu ɗan Sibylla a ciki.